Yadda nake koyar da darasin dako a tantanin ƙwayar halitta

Shekaru da dama ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare nan Damagaram, kuma akwai darasin da na ga yana ba yara wuya fiye da kima: yadda ƙwayar halitta ke kashe ƙarfi don ta shigar da abu ko ta fitar da shi ta cikin tantanin da ya kewaye ta, abin da nake kira dako. Yara kan haddace sunayen da ke littafin Faransanci su juye su a takardar jarrabawa, amma in ka tambaye su da Hausa me ya sa ƙwayar ke shan wannan wahala, sai aji ya yi tsit. Abin yana damuna, don darasi ne da ya shafi ran jariri a gidajenmu. Na rubuta wannan saboda ƙannena malamai da aka tura Mirriya, Magariya, Matamaye ko Tanut, inda babu ɗakin gwaji, da kuma ɗalibin da ke shirin jarrabawa shi kaɗai a gida. Duk kayan da nake aiki da su ana samunsu a kasuwar Dole.

Kada ka fara da famfo, wato furotin ɗin da ke yin dakon a cikin tantanin. Yaron da bai gane abin da ke tafiya da kansa ba, ba zai gane dalilin biyan kuɗin dako ba. Ni nakan shiga aji da ɗan kasko da turaren wuta, in aje a kusurwa, in ce duk wanda ya ji ƙamshi ya ɗaga hannu. Hannuwa sukan tashi layi bayan layi, daga na kusa zuwa na nesa. Sai in ɗiga ruwan zoɓo mai kauri a kofin gilashi cike da ruwa, in hana kowa motsa shi. Ja yana bazuwa a hankali har ya game kofin. Ba wanda ya tura ƙamshin, ba wanda ya tura jan. Abu yana barin inda ya yi yawa ya nufi inda ya yi kaɗan. Wannan nake kira gangara, kuma da sunan nake tafiya har ƙarshen darasi. Haka iskar oksijin ke shiga ƙwayar halitta, haka iskar kabon ke fita, ba tare da ƙwayar ta kashe komai ba.

Daga nan sai tantanin kansa. Yara da yawa suna zaton siririyar fatar nan da ake ɓarewa a cikin albasa ita ce tantanin da ake magana. Ka gyara musu tun da wuri: wannan fatar kanta dubban ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace da nata tantanin. Tantanin ƙwaya ɗaya kaurinsa kamar nanomita 7 zuwa 8 ne, sai ka jera fiye da dubu goma kafin su kai kaurin takardar littafinsu. Shimfiɗa biyu ne na maiƙo, da furotin iri-iri a tsattsaye a ciki. Maiƙon shi ne muhimmi a nan. Kowace yarinya a ajin ta san man gyaɗa ba ya haɗuwa da ruwa. To gishiri idan ya narke yakan rabu zuwa sodiyam da kulorin masu ɗauke da cajin lantarki, kuma abu mai caji ba ya iya ratsa maiƙo. Dole sai ta ƙofa, kuma furotin ɗin nan su ne ƙofofin.

Gwajin dankalin turawa yana da amfani a wannan gaɓar. Yanka shi siriri biyu masu tsawo ɗaya, sa ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan da ka zuba wa gishiri sosai. Kafin awa ɗaya na ruwa zalla ya ƙara tauri, na gishiri ya yi laushi yana lanƙwasa. Ruwa ya bi gishiri ya fita. Ka sa su rubuta wannan jimla a littafi da babban baƙi: ruwa yana bin gishiri da sukari. Za ka nemi jimlar nan gaba. Amma ka faɗa musu sarai cewa wannan ma gangara ce, dankalin bai kashe ƙarfi ba. Na sha ganin ɗalibi ya kawo wannan gwajin a matsayin misalin dako, ya rasa maki.

Yanzu ka rubuta alƙaluma huɗu a allo. A wajen ƙwayar halittar mutum, sodiyam kamar milimol 145 ne a lita, a ciki kamar 12. Potasiyam kuwa a ciki kamar 140, a waje 4 zuwa 5. Ka juyo ka tambaye su: idan komai gangara yake yi, kuma akwai ƙofofin da sodiyam ke ɗan tsiyayowa ciki, potasiyam na tsiyaya waje, me ya hana ciki da waje su daidaita tun tuni? Ka yi shiru. Kada ka ba su amsa da wuri, ko da shirun ya yi tsawo. Wata shekara wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malam, sai dai in akwai mai kwashewa yana mayarwa." Amsar ke nan, kuma gara ta fito daga bakinsu.

A nan ne zama ɗan Damagaram ke taimakon malami. Ba yaron garin nan da bai san sha'anin ruwa ba. Sun san jiran famfo cikin dare, sun san 'yan garuwa, sun san ana turo ruwan garin daga nesa, daga wajejen Gogo da Arunguza. Sun kuma san shato, babban tankin nan da ke tsaye a sama. Nakan tambaye su: ruwan da ke saukowa daga shato zuwa famfon gidanku, wa ke tura shi? Su ce ba kowa, nauyinsa ne. To wa ya hau da shi can sama? Inji. Injin da me yake aiki? Da wutar lantarki. In wuta ta ɗauke fa? Ruwan da ke sama zai ci gaba da sauka har shaton ya ƙare, daga nan shi ke nan. Sauka kyauta ce, hawa sai an biya. Ɗaukar abu daga inda yake kaɗan a kai shi inda ya riga ya yi yawa, shi nake kira dako, don ɗan dako ba ya ɗaukar kaya a banza.

Kuɗin da ƙwayar ke biya da shi sunansa ATP. Yadda nake bayyana shi: hatsi a rumbu dukiya ce, amma mai kura ba zai karɓi damin gero ba, kuɗin hannu yake so. Tuwon da ka ci ya zama glukos a jini, mitokondiriya, wato sashen da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayar, ta ƙona shi da oksijin ta mayar da ƙarfinsa ATP. ATP na da fosfat uku a jere, in aka cire na ƙarshe sai ƙarfi ya fito, a yi aiki da shi. Shi ya sa duk abin da ya hana ƙwaya oksijin yana tsayar da dako bayan ɗan lokaci, kuma wannan ita ce hanyar da ake bambance dako da gangara a tambayoyin jarrabawa. In an ce an hana ƙwaya oksijin ko an sa mata gubar da ke hana yin ATP, sai shigar abu ta tsaya, to dako ne.

Wurin da nake daɗewa shi ne famfon sodiyam da potasiyam, kuma ba na zana shi a allo sai mun yi wasansa. Ka tuna musu zauren gida: ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon cikin gida. Famfon nan zaure ne da ba a taɓa buɗe ƙofofinsa biyu a lokaci ɗaya. Da za a buɗe su tare, da ya zama lungu, kowa ya bi gangararsa, aikin ya lalace. Wannan shi ne bambancin famfo da ƙofar da ke barin abu ya wuce kawai.

Jera benci biyu ko uku su raba aji gida biyu, ka bar gurbi a tsakiya. Ɓangare ɗaya ciki, ɗaya waje. Wake shi ne sodiyam, gyaɗa ita ce potasiyam. Zuba wake da yawa a tire na waje, kaɗan a na ciki, gyaɗa kuma akasin haka. Ɗalibi ɗaya ya tsaya a gurbin, shi ne famfo. Wani ya riƙe marafan kwalba, kowane marfi fosfat ɗaya ne daga ATP. Famfo zai fara yana kallon ciki, ya ɗauki wake uku. Ba zai juya ba sai an sa masa marfi a aljihu. Da an sa, sai ya juya waje ya zubar da waken a tiren da ya riga ya cika da wake. Yana nan yana kallon waje zai ɗauki gyaɗa biyu, ya yar da marfin, ya juyo ciki ya aje gyaɗar. Uku waje, biyu ciki, ATP ɗaya. Ka sa wasu yara biyu su riƙa satar wake suna mayarwa ciki, gyaɗa kuma waje, a hankali, su ne tsiyayar da ba ta tsayawa. Bayan zagaye biyar ko shida ka karɓe marafan. Famfo ya tsaya, masu tsiyaya ba su tsaya ba. Ajin zai ga da idonsa tirukan suna daidaita. Ka gaya musu a ƙwaya ta gaske, in sodiyam ya taru ciki ruwa zai biyo shi, ƙwayar ta kumbura.

Sai bayan wasan nake zane, kuma su nake sa wa su zana. Nakan ba su labarin wanda ya gano famfon: Jens Christian Skou, likita ɗan ƙasar Danmak, a shekarar 1957, yana aiki da jijiyoyin ƙaguwa. An ba shi kyautar Nobel a 1997, shekara 40 bayan aikin. Famfon nan kaɗai yana cin kaso mai tsoka na ATP ɗin jiki ko mutum na kwance, a ƙwayoyin jijiya ma yakan ci fiye da rabi. Bambancin da yake ginawa ne tushen wutar jijiya, wadda take kamar milibolt 70 ƙasa da sifiri a cikin ƙwayar da ke hutawa. Ka kula a nan: yara kan ce uku da biyun nan ne kaɗai suka kawo wannan caji. Suna taimakawa kaɗan, amma mafi yawansa daga potasiyam ne da ke tsiyaya waje ta ƙofofinsa, bayan famfo ya tara shi ciki.

Akwai abin da ke faranta mini rai duk lokacin da na zo nan. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa dafin kibiya da 'ya'yan kwankwani. Sinadarin da ke cikin irin wannan tsiro yana toshe wannan famfon ne, shi ya sa yake taɓa zuciyar dabba. Danginsa ne maganin zuciya da ake kira digoksin, wanda likitoci ke bayarwa a ƙaramin awo. Yara sukan zaro ido in suka ji cewa kakanninsu sun yi aiki da famfon tun kafin a san sunansa.

Kashi na biyu na darasin shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Koma ga shato. Ruwan da ke saukowa yana da ƙarfi, in ka sa masa ƙaramar dabara a hanya zai iya jan wani abu. Sodiyam da famfo ya tara a waje kullum yana neman komawa ciki. Ƙwayoyin bangon ƙaramin hanji suna da wata ƙofa da ba ta barin sodiyam ya shiga sai ya riƙo glukos, biyu na sodiyam da ɗaya na glukos. Da haka ake jan glukos ciki ko da na cikin ƙwayar ya fi na hanji yawa. Ƙofar ba ta taɓa ATP da kanta. An riga an biya a wurin famfo, wanda ke can ɗaya gefen ƙwayar, gefen jini, yana kwashe sodiyam ɗin da ya shigo. A wasanmu nakan ƙara gurbi na biyu, in sa wata yarinya mai gadi: ba ta barin wake biyu su wuce sai da dabino ɗaya. Robert Crane, masani ɗan Amurka, shi ya bayyana wannan a 1960 a wani taro a birnin Prag.

Sai in ce su buɗe littafi wurin jimlar nan ta babban baƙi. Sodiyam ya shiga, glukos ya shiga, me zai biyo su? Ruwa. Wannan shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. Cutar kwalara tana sa hanji ya riƙa zubar da kulorin da ruwa, amma ƙofar sodiyam da glukos tana nan tana aiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya yi aiki da wannan haɗin a sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya, da ruwan ƙarin jijiya ya yi ƙaranci. Mace-macen masu kwalara ya sauko daga kamar kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Na san wannan a aji, na kuma san shi a tsakar gida. Wata damina ɗiyar ƙanwata, ba ta cika shekara biyu ba, ta kamu da gudawa. Na iso na tarar kakarta tana dama mata ruwa da sukari cike da ludayi, don ta ga yarinyar ba ƙarfi. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, bari in auna mata." Ta ce, "Kai dai ɗan nan, ai zaƙi ne ke ba da ƙarfi." Niyyarta kyakkyawa ce, amma sukari in ya yi yawa a hanji, shi ne zai ja ruwa daga jikin yaro, kamar yadda gishiri ya yi wa dankali, gudawar ta ƙaru. Gishiri in ya yi yawa shi ma haɗari ne. Muka aika aka karɓo fakiti a gidan likita, muka yi ta ba ta da cokali, uwarta na ci gaba da ba ta nono. Washegari ta fara neman abinci. Tun daga ranar ba na rufe wannan darasi sai kowane ɗalibi ya haɗa ruwan da hannunsa.

Ga yadda muke yi. A wanke hannu da sabulu. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce. In akwai fakitin da ake bayarwa a gidan likita, wanda aka rubuta wa SRO, shi ya fi: a juye fakitin lita ɗaya duka a lita ɗaya, ba a rabi ba. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, ba a tsiri ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, na shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya wuce awa 24, a zubar a haɗa sabo. Ana haɗawa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Kuma ka nanata musu: in yaro ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi lis, ko da jini a bayan gidansa, a kai shi likita nan take.

Sauran famfunan nakan wuce su da sauri, don wanda ya gane ɗaya ya gane saura. Tumbi yana da famfon da ke tura sinadarin tsami, shi omefirazol ke toshewa ga mai gyambon ciki. Tsoka tana da famfon kalsiyam, sai ya kwashe kalsiyam take sakin jiki. Ƙullin wuya yana tara iyodin da taimakon sodiyam, kuma rashin iyodin a abinci ne ke kawo maƙoƙo. Ƙoda tana tace kamar lita 180 a rana ta mayar da kusan duka jini, da ƙarfin famfon nan namu. Saiwar gero ma da dako take jan abincinta daga ƙasa mai rairayi. Kayan da suka fi ƙarfin ƙofa kuwa, tantanin kansa ne ke lanƙwasa ya naɗe su: haka farar ƙwayar jini ke haɗiye ƙwayar cuta, irin abin da masanin halittu Metchnikoff ya lura da shi a 1882, haka kuma insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ke fita daga ƙwaya cikin 'yan ƙananan jakunkuna. Ƙyallen zane da ƙwallo ɗaya sun isa ka nuna wannan. Shi ma yana cin ATP.

Aikin gida ɗaya nake bayarwa. Kowa ya nemo fakitin SRO ya kwafo abin da aka rubuta a bayansa. A haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002, lita ɗaya na ɗauke da giram 13.5 na glukos, 2.6 na gishiri, 1.5 na potasiyam kulorid da 2.9 na sitirat. Ɗalibi zai rubuta aikin kowanne: wanne ne ke bin gangara, wanne ake ja, wanne ke maye abin da gudawa ta kwashe, da kuma inda aka kashe ATP a cikin tafiyar. Sannan ya yi wa mahaifiyarsa ko yayarsa bayanin da Hausa, ya dawo ya faɗa mana tambayar da ta yi masa. Tambayar da ta fi dawowa ita ce ko lemun kwalba zai iya maye gurbin haɗin. Nakan mayar musu da ita su amsa da kansu a darasi na gaba, da dankali a kan tebur.